Wa Zai Kwana a Bakin Aiki? Samo Likitocin Tiyata da Riƙe Su a Malbaza, Birnin Ƙonni da Illela

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi, idan ya wuce Birnin Ƙonni da mararrabar Tsarnawa, zai hango masana'antar siminti ta Malbaza, can gaba kaɗan kuma ya faɗa Galmi. Abu biyu suka fitar da sunan wannan gari: albasar da ake lodawa a manyan motoci zuwa Abijan da Akara, da asibitin da ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950, inda Dakta Burt Long ya zama likitan farko. A yau asibitin yana da gado kimanin 180, yana da nisan kusan kilomita 500 daga babban birni, kuma ana yin tiyata dubbai a cikinsa kowace shekara. Marasa lafiya suna zuwa daga Adar da Gobir, wasu daga can arewa wajen makiyaya, wasu kuma su tsallako iyaka daga ƙasar Sakkwato.

Wannan maƙala ta ɗauki Galmi a matsayin wurin nazari saboda tambaya ɗaya. Me ya sa likitocin tiyata suke iya zama shekaru a wannan ƙaramin gari na ƙaramar hukumar Dogarawa, alhali asibitocin gunduma a faɗin Nijar suna fama da riƙe wanda aka turo musu? Amsar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce takardar tura ma'aikaci wurin aiki tana kai likita gari, amma ba ta zaunar da shi. Abin da ke zaunar da shi shi ne a koyar da shi a irin wurin da zai yi aiki, ya tarar da abokan aiki da kayan aiki, kuma ya ga cewa shekarun da ya yi a karkara suna ƙara masa daraja a sana'arsa.

Girman giɓin

A 2015 kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya fitar da rahoto kan tiyata a duniya. Ya ce mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke bukata. Ya kuma ajiye ma'auni: kowane mutum 100,000 su sami ƙwararru 20, a haɗa likitocin tiyata da na sa barci da na mata da haihuwa, a yi aiki 5,000 a shekara ga wannan adadi na jama'a, kuma mara lafiya ya iya isa, cikin awa biyu, wurin da za a iya ciro jariri ta hanyar tiyata, a buɗe ciki, a gyara karayar da ƙashi ya fito waje. A watan Mayun wannan shekarar Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 68.15, wanda ya sa tiyatar gaggawa cikin ginshiƙan kiwon lafiyar jama'a.

Idan aka ɗora wannan ma'auni kan yankin da ake magana, lissafin ba shi da wuya. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa tana da mutum sama da miliyan 3.3, gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela kuma, idan aka haɗa su, sun haura 800,000. Ko da wannan tsohon adadi aka yi aiki, gundumomin uku suna bukatar ƙwararru sama da 160 da tiyata sama da 40,000 a shekara. Nijar baki ɗayanta ba ta kai ƙwararre ɗaya ga mutum 100,000 ba, kuma mafi yawan waɗanda ake da su suna Yamai, a Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da asibitin haihuwa na Issaka Gazobi, da Babban Asibitin Ƙwararru, da asibitocin kuɗi. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna haihuwar da ake yi ta hanyar tiyata ba ta kai biyu cikin ɗari ba, a ƙasar da a lokacin mace take haihuwar 'ya'ya sama da bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta nuna mutuwar uwa da jariri tana ci gaba da raguwa har sai adadin ya kai wajen goma cikin ɗari. Tsakanin biyu da goma akwai matan da suka mutu a hanya, da waɗanda suka rayu da yoyon fitsari, irin waɗanda ake yi wa gyara a cibiyar Danja kusa da Maraɗi.

Adadi kaɗai ba ya nuna irin aikin da ke jiran likita. Misali mafi kusa shi ne hujewar hanji sakamakon zazzaɓin taifot, ciwon da likitocin Galmi suka yi ta rubutu a kai saboda yawan yaran da ake kawo musu da shi, musamman daga ƙarshen damina. Yaro ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, an ba shi maganin sauro a ƙauye, an sayi ƙwayoyi a tebur, an gwada jiƙo. Ranar da cikin ya kumbura ya yi tauri, ya daina fitar da iska, sai a ɗora shi a babur. Kafin a sa masa wuƙa sai an ɗaura masa ruwa, an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau da yawa an nemo jini daga dangi. Idan aka buɗe cikin, sai a tarar da ƙazanta ta malala, a bi ƙarshen ƙaramin hanji taƙi-taƙi ana neman huji, wani lokaci ɗaya, wani lokaci da yawa. Nan ne ake bambanta wanda ya ƙware da wanda bai ƙware ba, domin sai likita ya yanke shawara a tsaye: ya ɗinke hujin, ko ya yanke ɓangaren ya haɗa, ko ya fito da bakin hanjin ta fatar ciki ya bar haɗawa sai yaron ya yi ƙwari. Bayan aikin kuma akwai makonni na wankin ciwo da ciyarwa, wani yaron sai an sake shiga da shi. Likitan da ya zo aikin wata ɗaya zai iya yin tiyatar farko. Ta biyu da ta uku, da mayar da hanjin bayan watanni, sai wanda yake zaune a garin.

Akwai allurar rigakafin taifot da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita tun 2018, kuma ruwan sha mai tsabta zai rage wa ɗakin tiyata nauyi fiye da ƙarin likita ɗaya. Amma doguwar naƙuda da ƙaba da ta maƙale da haɗarin kabu-kabu ba su da allurar rigakafi.

Abin da gwamnati ta gwada

Ba daidai ba ne a ce Nijar ta naɗe hannu. A 2005 ma'aikatar kiwon lafiya, tare da tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Abdu Mumuni, ta ɓullo da shirin tiyatar gunduma. Ana ɗaukar likitan da ya gama karatunsa amma bai yi ƙwarewa ba, a ba shi horo na shekara ɗaya, wani ɓangare a asibitin koyarwa, mafi yawa a asibitocin jiha, ya koyi ciro jariri, da buɗe ciki, da gyaran ƙaba, da kula da rauni, sannan a tura shi asibitin gunduma. Farfesa Rashid Sani da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon farko a 2009: an horar da likita 41 a 2006 da 2007, kuma a jihar Doso yawan marasa lafiyar da ake turawa babban asibitin jiha don tiyata ya sauko daga 82 cikin ɗari zuwa 52 cikin shekara guda, ba tare da mace-macen masu haihuwa ta tiyata sun bambanta ƙwarai da na babban asibitin ba. Wannan shiri ya cancanci yabo, kuma ana ambatonsa a nahiyar Afirka a matsayin abin koyi.

A ƙarshen 2005, zamanin Shugaba Mamadu Tanja, aka mayar da haihuwa ta tiyata kyauta, a 2006 aka ƙara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Daga 2011 gwamnatin Mahamadu Isufu ta ɗauki ɗaruruwan likitoci aiki a lokaci guda, har wasu garuruwan suka ga likita zaune a karon farko. A 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin magani a asibitocin gwamnati da rabi, suka mayar da haihuwa kyauta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya buɗe wa talaka ƙofar asibiti. Matsalar tana bayan ƙofar. Masu bincike irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar LASDEL da ke Yamai da Valéry Ridde sun nuna yadda kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin mayar wa asibitoci na aikin kyauta yake jinkiri watanni, wani lokaci shekaru. Asibitin da ba a biya shi ba ba ya iya sayen zaren ɗinki da safar hannu da man injin wuta. Sai likita ya rubuta wa miji takarda ya je kemis ya sayo kayan aikin da aka ce masa kyauta ne, kuma fushin mijin a kan likitan zai sauka, domin shi ne fuskar da yake gani.

Dalilin tafiya

A 2017 Loubna Belaid da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a jihar Tillaberi kan abin da ke hana ma'aikatan lafiya zuwa karkara ko zama a can. Abin da ma'aikatan suka ambata kowa ya san shi: rashin wutar lantarki, rashin makarantar da za su sa 'ya'yansu, kaɗaici, rashin tsaro, yawan aiki, rashin alawus da zai rama wahala, da batun aure, domin mace ma'aikaciya sau da yawa tana bin inda mijinta yake aiki. Duk wannan ya shafi likitan tiyata, amma shi yana da ƙarin nasa.

A ɗauki likitan da shi kaɗai ne mai iya tiyata a asibitin gunduma, kamar yadda abin yake a wurare da yawa. Ba shi da ranar hutu ta gaskiya, domin ko yana gida wayarsa tana kunne. Ƙarfe biyun dare ungozoma ta kira shi: an kawo mace daga cibiyar lafiya ta ƙauye, kwana biyu tana naƙuda, bugun zuciyar jariri yana raguwa. Kafin ya taɓa ta sai an taso mai sa barci, wanda shi ma sau da yawa shi kaɗai ne. Sai an tabbata kayan aikin da aka yi amfani da su da rana an dafa su. Sai an duba ko akwai jini a firji, ko kuwa sai an tashi ƙanen miji an gwada nasa. Idan wuta ta ɗauke, sai an ga ko injin zai tashi. Ya gama wajen asuba, ƙarfe takwas kuma ana jiransa a ofis, domin sau da yawa shi ne kuma yake riƙe da wani ɓangare na shugabancin gundumar lafiya, da rahotanni, da taron bita, da rakiyar baƙi masu ba da tallafi. Ranar da ya buɗe ciki ya tarar da abin da bai taɓa gani ba, babu babba a gefensa da zai ce masa yanka nan, bar can. Idan mara lafiyar ya rasu, shi zai fita ya gaya wa dangi, kuma gobe zai haɗu da su a kasuwa.

Mutumin da yake wannan rayuwa ya yi shekara bakwai ko takwas a jami'a, wataƙila ya ƙara da bautar ƙasa ko aikin kwantiragi kafin ya sami lambar ma'aikacin gwamnati. Yana kallon sa'o'insa da suka tsaya a Yamai sun shiga karatun ƙwarewa, wasu sun tafi Dakar ko Abijan ko Maroko, wasu suna aiki da ƙungiyoyin agaji da albashin da ya ninka nasa. Horon shekara ɗaya na tiyatar gunduma ya ba shi nauyin ƙwararre, amma bai mayar da shi ƙwararre a takarda ba. Hanyar da ta rage masa ta ci gaba ita ce ya bar gundumar. Marubucin wannan maƙala bai ga laifin wanda ya yi haka ba. A ƙasar Adar, inda ci-rani zuwa Abijan da Libiya da Nijeriya ya zama abin gado, babu wanda zai yi mamakin mutum ya bi inda sana'arsa za ta ciyar da iyalinsa. Tsarin da ya sa ci gaban likita ya zama sai da barin marasa lafiyarsa, shi ne abin gyara.

Senegal ta ga irin wannan. Ta fara horar da tawagogin tiyatar haihuwa na gunduma wajen shekarar 2000, amma binciken da aka wallafa a 2009 ya tarar cikin tawaga 11 da aka horar, 6 kawai suke aiki. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai rashin hanyar ci gaba a aiki da rashin goyon bayan manyan likitoci.

Sai kuma abubuwan da suka fi ƙarfin ma'aikatar lafiya. A Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masallata, dab da Birnin Ƙonni, har sai da sojojin Amurka suka kuɓutar da shi a cikin Nijeriya. A Maris 2021 aka kashe mutum sama da ɗari a yankin Tilliya, arewacin jihar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyakar Ƙonni da Illelar Sakkwato har zuwa Maris 2024. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda bai fi tafiyar kilomita ɗari daga Ƙonni ba, ya zama mai wuyar isa na tsawon watanni. Irin waɗannan shekaru suna koya darasi ɗaya ga mai tsara manufa: yankin da ya dogara da likitocin waje ko asibitin tsallaken iyaka, rana ɗaya zai wayi gari babu ko ɗaya.

Abin da Galmi ta yi daban

Shekaru da dama Galmi ta rayu ne da likitocin mishan daga Amurka da Turai da Ostireliya, wasu su yi shekaru, wasu su zo na 'yan makonni a ƙaramin jirgin da ke sauka a filin da ke gefen asibitin. Wannan hanya tana da rauni irin wanda aka ambata: duk lokacin da wani ya koma gida, sai a shiga neman madadi. Canji ya zo a 2012, lokacin da asibitin ya zama cibiyar horar da ƙwararrun likitocin tiyata a ƙarƙashin PAACS, ƙungiyar likitocin tiyata Kiristoci ta Afirka, wadda Dakta David Thompson ya jagoranci kafa ta, ta fara ɗaukar ɗalibai a 1997 a asibitin Bongolo na ƙasar Gabon.

Tsarin ya saɓa wa yadda aka saba. Maimakon a kai likita babban birni ya ƙware sannan a roƙe shi ya koma karkara, sai a kawo shi karkara ya yi shekara biyar yana koyo a can. Ana ba shi gida a harabar asibiti da kuɗin da zai riƙe iyalinsa. Yana yin aiki da babba a gefensa, yana rubuta kowace tiyata da ya yi, yana zama jarabawa, ana tattauna kowace mutuwa da kowace matsala a taron mako. Bayan ya gama kuma akwai alkawarin yi wa asibitin marasa galihu aiki na wasu shekaru a madadin horon. Abin da ya koya shi ne abin da ke shigowa ta ƙofar asibitin karkara: ciki, da haihuwa, da mafitsara, da ƙashi, da ƙuna, da yara. Ya koyi aiki da ƙarancin kaya tun yana ɗalibi, saboda haka ƙarancin ba ya firgita shi daga baya. Dashen albasa da aka rena a fadamar da za a dasa shi ya fi saurin kama ƙasa.

Shirin ya kuma amfani manyan. Inda akwai ɗalibai huɗu ko biyar ana raba kwanan aiki, babba yana samun barci, yana samun wanda zai yi muhawara da shi kan mara lafiya, yana samun dalilin ci gaba da karatu da rubutu. Koyarwa tana riƙe malami kamar yadda take riƙe ɗalibi, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa idan ana maganar alawus.

Akwai hujja a rubuce. Binciken da aka wallafa a 2019 kan shekara ashirin na PAACS ya bi sawun likita 67 da suka kammala, ya tarar dukkansu suna aiki a Afirka, mafi yawa a ƙasashensu, kusan rabi kuma a karkara. Wani bincike na 2017 kan waɗanda aka horar a ƙasashen gabashi da tsakiya da kudancin Afirka ya tarar wajen 85 cikin ɗari sun zauna a ƙasar da suka yi karatu. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta sabunta a 2021, kan riƙe ma'aikata a karkara sun sa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara da koyar da su kusa da gida a sahun gaba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka Galmi ta warware matsalar yankin. Asibiti ɗaya ne, ɗaliban da yake ɗauka a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Shirin na Kiristoci ne, da Ingilishi ake koyarwa, alhali kusan dukkan likitocin da jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram suke yayewa Musulmi ne da suka yi karatu da Faransanci. Da yawa daga ɗaliban daga wasu ƙasashen Afirka suke zuwa, kuma can za su koma. Kuɗin horon daga masu ba da gudummawa na waje yake fitowa. Mara lafiya kuma yana biya, wanda hakan ke sa wani ya yi jinkiri har sai ya sayar da akuya ko buhun albasa. Abin ɗauka a Galmi shi ne dabarar, kuma dabarar ba ta da addini: a koyar a inda ake bukata, a cikin tawaga, da babba a kusa.

Mozambik ta bi wata hanyar. Tun 1984 take horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba su yi tiyata, kuma binciken 2007 ya tarar bayan shekara bakwai kusan 9 cikin 10 nasu suna nan a asibitocin gunduma, alhali cikin likitocin da aka tura tare da su ba wanda ya rage. Nijar ta zaɓi ta bar wuƙa a hannun likita, kuma zaɓi ne mai hujja. Amma darasin Mozambik ya shafi mataimakan likitan tiyata da masu sa barci da ma'aikatan ɗakin aiki, waɗanda su ne suka fi daɗewa a gunduma, su ne kuma aka fi mantawa da su wajen ƙarin girma da horo. Likitan da ya zo ya tarar da gogaggen mai sa barci ya sami rabin dalilin zama.

Abin da za a iya yi a gundumomin uku

Yankin yana da wata dama da ba kowane yake da ita ba. Ƙonni da Malbaza da Galmi da Madawa duk suna kan kwalta ɗaya, Illela kuma ana shiga ta daga Badagishiri a kan hanyar Tawa, inda babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro suke. Tazarar da ke tsakaninsu ta awa ɗaya ce zuwa biyu ko uku. Wannan ya isa a mayar da su da'irar koyarwa guda. Ɗalibin ƙwarewa daga Yamai ko Maraɗi ya yi watanni a Tawa da Galmi da asibitin gunduma, a lissafa masa a cikin karatunsa. Ƙwararre daga Tawa ya riƙa zuwa gunduma a ranakun da aka tsayar, ya yi aiki tare da likitan wurin, ya duba littafin tiyatarsa, ya bar masa lambar da zai kira da dare. Hakan yana bukatar yarjejeniya a rubuce tsakanin ma'aikatar lafiya da jami'o'i da asibitin mishan, kuma kowane ɓangare sai ya sassauta wani abu.

Mataki mafi araha, kuma mafi tasiri a ganin wannan maƙala, yana hannun ma'aikatar lafiya da tsangayoyin likitanci. Likitan da ya yi horon tiyatar gunduma ya kuma yi shekara uku ko huɗu yana aiki, a ba shi fifiko da tallafin karatu wajen shiga ƙwarewa, a rage masa wani abu daga shekarun horon bisa ayyukan da ya rubuta, da sharaɗin ya dawo jihar da ya fito. Ta haka zaman gunduma zai zama hanyar hawa. Kuma kada a sake tura mutum ɗaya: inda za a buɗe ɗakin tiyata, a tura likita biyu da mai sa barci biyu, ko da hakan zai sa a buɗe ɗakuna kaɗan a shekara.

Ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa suna da nasu rabon. Gida mai ruwa da wutar rana a kusa da asibiti bai fi ƙarfin ƙaramar hukumar Ƙonni ko ta Malbaza ko ta Illela ba. Garin da ke da masana'antar siminti, da dillalan albasa da ke hulɗa har bakin teku, da 'yan ci-rani da ke gina masallatai da shaguna a ƙauyukansu, zai iya ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa biyu ko uku a fannin likitanci bisa alkawarin dawowa. Ɗan Dogarawa ko ɗiyar Tajaye da ta zama likita ba ta bukatar tafinta, iyayenta suna kusa, kuma idan ta ce wa tsohuwa a yi aiki yau kada a jira gobe, za a ji maganarta. Batun mata a nan yana da muhimmanci na musamman, domin akwai magidantan da ke jan ƙafa wajen kai matansu gaban likita namiji, kuma jan ƙafar awa shida a doguwar naƙuda yana iya zama ajali.

Nijar da Nijeriya duka suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda bai kamata ƙasashe masu arziki su riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba. Wannan jeri ba ya hana likitan Illela komawa Yamai, kuma wannan ƙaurar ta cikin gida ita ce ta fi cin gundumomi. Saboda haka maƙalar tana kira ga hukumar lafiya ta jihar Tawa da ta fara da abin da ke hannunta: ta riƙa fitar da lissafi kowace shekara na likitocin tiyata da masu sa barci nawa aka turo kowace gunduma, nawa suka kama aiki, nawa suke nan bayan shekara biyu, da darare nawa ɗakin tiyata ya kwana a rufe. Wakilan jami'o'i da na ma'aikatar lafiya kuma su ɗauki batun lissafa shekarun gunduma cikin karatun ƙwarewa, su sa shi a teburin majalisun tsangayoyinsu kafin a ɗauki ɗaliban baɗi.